Kuɗin Ƙofa

An ce kuɗi sun taso daga hayin teku
don a tsare iyaka.
Sun kwana Abuja, sun yi azahar a Sakkwato,
ko da suka iso Illela sun rame,
sun shige cikin kwali:
na'urar ɗaukar yatsa guda ɗaya,
riguna shida, takalma ƙafa biyar,
da wani allo mai tambari
da aka jera mu ƙarƙashinsa aka ce mu yi murmushi.

Ni ne Modi, mai igiya biyu a hannun riga.
Shekara goma sha ɗaya ina ɗaga sandar nan,
ina sauke ta,
har kafaɗata ta dama ta fi ta hagu sanin aiki.

Na'urar na son wuta kamar jinjiri da nono.
Janareto na son mai.
Man yana cikin takarda,
takardar na cikin durowa,
mai makullin durowa ya tafi taron ƙara wa juna sani.
To, muka lulluɓe ta da tsohon zane,
muka koma ga biro da littafi.

Ran Lahadi kasuwa ta cika,
Inna Tumba ta taho daga Ƙonni da tabarmi a ka.
Na ce, "Inna, takarda fa?"
Ta dube ni tun daga hula har takalmi.
"Ɗan nan, mi kaka faɗi?
Kushewar uwata na can, jikokina na nan.
Wace takarda ka raba mutum da hantatai?"
Na ɗaga sanda.
A littafi na rubuta: tabarma takwas.

Waɗanda aka aiko kuɗin dominsu
ba sa biyowa ta gabana.
Suna bin bayan gonaki da tsakar dare,
uku uku a kan babur marar fitila,
ina jin kukan injin kamar sauro a kunne,
motar sintiri kuwa na zaune bisa duwatsu
tun damina biyu, kaji na ƙwai a ƙarƙashinta.

Daren wata Talata na tare guda.
Na haska fuska, sai tocila ta yi mini nauyi:
Ladan ne, ɗan ƙanwata,
da jakar leda da galan sanye da buhu.
Na ce, "Ina zuwa?"
Ya ce, "Kawu, ka ga Kalmalo da idonka.
Inda Baba ya kama kifi, yau yara ke ƙwallo.
Albasata ta ƙone saura sati uku a cire.
Da kuɗin allon can aka sai mana injin ban ruwa,
wallahi da yanzu ina barci."

Na mayar da shi gida da kaina.
Na karɓe galan, na yi masa faɗa gaban uwarsa.
Ya kwana tara.
A na goma ta zo da mayafi a karkace,
ba ta ce komai ba, ta miƙa mini waya.
Muryarsa ce, iska na yankar ta:
ya sauka Agadas lafiya, a yi masa addu'a.

Jiya masu kuɗin suka dawo da farar mota,
da ruwan gora, da tafinta.
Suna son lamba: mutum nawa kuka hana wucewa?
Oga ya ce ɗari huɗu da goma.
Suka rubuta, suka ji daɗi.
Ni dai na san guda ɗaya,
shi ma kwana tara.

Saboda baƙi an samo mai rabin jarka.
Aka yaye zanen, aka hure na'ura, ta buɗe ido.
Suka ce wani ya gwada.
Na goge hannu a wando,
na ɗora yatsan da ke nuna wa mutane hanya.
Ta yi shiru, ta yi dogon tunani,
sannan ta kawo jar wuta:
wai ba ta san ni ba.